Muhimmancin fassara ga masu sayar da kaya a ƙasashen waje

A kowace shekara kamfanoni a sassa daban-daban na duniya na tafka asarar kuɗi da kwangiloli, wani lokaci har da mutunci, saboda kuskuren da bai wuce na kalma ɗaya ko biyu ba a jikin kwalin kayansu ko a cikin takardun cinikinsu.

Da yawa daga cikin 'yan kasuwar da ke neman kai hajarsu ƙetare sun fi mayar da hankali ne kan farashi da kuɗin dako da kuma harajin kwastan. Batun harshen da za a yi wa mai saye magana da shi kuwa, akan bar shi sai a ƙarshe, inda akan danƙa shi ga wani ma'aikaci da aka ce yana ɗan jin harshen, ko kuma ga manhajar fassara ta kyauta da ke intanet.

To amma abubuwan da suka faru ga wasu manyan kamfanoni, da kuma dokokin da ƙasashe da dama suka kafa, sun nuna cewa wannan sakaci kan jawo asarar da ta ninka kuɗin da aka yi ƙoƙarin tsiminsa.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2020 kamfanin bincike na CSA Research da ke Amurka ya ji ra'ayin masu sayayya 8,709 a ƙasashe 29.

Kashi 76 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce sun fi son sayen kayan da aka yi bayaninsu da harshensu na gida, yayin da kashi 40 cikin ɗari suka ce ba sa sayen komai daga shafukan intanet da aka rubuta da wani harshe na dabam.

Tun kafin nan, a shekarar 2006, wani nazari da aka gudanar a madadin Hukumar Tarayyar Turai a kan ƙanana da matsakaitan kamfanoni kusan 2,000 masu fitar da kaya waje ya gano cewa kashi 11 cikin ɗari daga cikinsu sun taɓa rasa kwangila saboda matsalar harshe.

Hatta Birtaniya, wadda harshenta ne ya fi kowane yaɗuwa a harkokin kasuwancin duniya, ba ta tsira ba. Wani rahoto da Farfesa James Foreman-Peck na Jami'ar Cardiff ya jagoranci shiryawa ga gwamnatin ƙasar, wanda aka fitar a shekarar 2014, ya ƙiyasta cewa ƙarancin sanin harsunan waje na jawo wa tattalin arziƙin Birtaniya asarar kimanin fam biliyan 48 a shekara.

Dalilin hakan dai ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da zai fitar da kuɗinsa yana son ya san abin da ke cikin kayan, da yadda ake amfani da su, da kuma inda zai kai ƙorafi idan suka lalace. Idan bai fahimci waɗannan ba, sai ya koma ga wanda ya yi masa bayani da harshen da yake ji.

Kurakuran da suka taɓa lafiya

Babu inda kuskuren fassara ya fi haɗari kamar a kayan abinci da magunguna da na'urorin asibiti.

A shekarar 2001 kamfanin Mead Johnson na Amurka ya janye gwangwani kusan miliyan 4.6 na madarar jarirai mai suna Nutramigen daga kasuwa. An yi hakan ne bayan an gano cewa bayanin yadda ake haɗa madarar da aka rubuta da harshen Sifaniyanci a jikin gwangwanin yana da kuskure game da yawan ruwan da za a zuba, abin da ka iya cutar da jariri. Madarar kanta ba ta da wani aibi, rubutun ne ya jawo janyewar.

A Jamus kuwa, tsakanin shekarar 2006 da 2007, an sanya wa majinyata 47 gwiwar roba ba bisa ƙa'ida ba a wani asibiti da ke Berlin.

An ƙera gwiwoyin ne a Amurka, kuma bayanin da ke jikin kwalinsu da Turancin Ingilishi yake. Bayanin ya nuna cewa sai an manne su da wani irin siminti na musamman da likitocin ƙashi ke amfani da shi, amma da aka mayar da shi Jamusanci a asibitin sai ya koma cewa ba sa buƙatar simintin. Da dama daga cikin majinyatan sai da aka sake yi musu tiyata.

Ga Musulmi akwai ƙarin wani abin lura. Jerin sinadaran da ake rubutawa a jikin biskit ko alewa ko magani shi ne kan nuna ko akwai kitsen alade ko giya a ciki. Mai fassarar da bai san bambancin sunayen waɗannan sinadarai ba zai iya mayar da haram ta zama kamar halal a idon mai saye, ko kuma ya sa a ƙaurace wa kayan da ba su da wata illa.

Suna da tambari

Sunan da ya yi daɗin ji a wata ƙasa yana iya zama abin kunya a wata.

Motar nan ƙirar Pajero ta kamfanin Mitsubishi na Japan, wadda aka sani sosai a Najeriya, an sayar da ita ne da sunan Montero a Sifaniya da galibin ƙasashen nahiyar Amurka, saboda kalmar Pajero ashar ce a harshen Sifaniyanci.

Kamfanin Coca-Cola, wanda ya shiga ƙasar Sin a shekarar 1927, ya zaɓi haruffan Sinanci huɗu da furucinsu ya yi kusa da sunan lemon, sannan ma'anarsu ta zo daidai da abin da ke da daɗi a baki kuma yake faranta rai. Har yau ana kafa misali da wannan suna a matsayin ɗaya daga cikin mafi dacewa da aka taɓa laƙaba wa wani kayan waje a ƙasar.

Wani lokaci kuma matsalar a zane take. A shekarar 1997 kamfanin Nike ya nemi afuwar Musulmi, ya kuma janye takalma ƙafa 38,000 daga kasuwa, bayan ƙungiyar kare haƙƙin Musulmin Amurka ta CAIR ta yi ƙorafin cewa wani tambari mai siffar harshen wuta da ke jikin takalman ya yi kama da sunan Allah a rubutun Larabci. Da an nuna zanen ga wanda ke karanta Larabci tun kafin a fara ƙera takalman, da wuya a kai ga haka.

Sai dai ba duk labarin da ake bayarwa a wannan fanni ne gaskiya ba. An daɗe ana yaɗa cewa motar Chevrolet Nova ta ƙi sayuwa a ƙasashen Latin Amurka saboda sunanta ya yi kama da kalmomin Sifaniyanci masu nufin "ba ta tafiya". Masu bin diddigi sun gano cewa motar ta samu kasuwa a Meziko da Venezuela a shekarun 1970, kuma a Mezikon ma har akwai wani nau'in man fetur da aka yi ta sayarwa da sunan Nova.

Abin da doka ta tanada

A ƙasashe da dama fassara ba zaɓi ba ce ga ɗan kasuwa, doka ce ta wajabta ta.

A Faransa, dokar da aka kafa a shekarar 1994, wadda ake kira da sunan ministan al'adu na lokacin Jacques Toubon, ta tilasta yin amfani da Faransanci a bayanin kaya da takardar garanti da umarnin amfani da kuma tallace-tallace.

Kanada na buƙatar a rubuta muhimman bayanan kayan masarufi da Ingilishi da Faransanci, yayin da lardin Quebec ke da tasa dokar kare Faransanci tun shekarar 1977.

Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2011 kan bayanin kayan abinci ta ce dole ne bayanin ya kasance da harshen da masu sayayya a ƙasar da ake sayar da abincin za su fahimta cikin sauƙi. Tarayyar dai na da harsunan hukuma 24.

Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Gulf na buƙatar rubutun Larabci a jikin kayan abinci, ƙasar Sin na buƙatar Sinanci, kamar yadda ita ma hukumar NAFDAC ta Najeriya ke buƙatar Ingilishi a jikin abinci da magungunan da ake shigowa da su.

Kayan da suka isa tashar jiragen ruwa ba tare da cika waɗannan sharuɗɗa ba akan tsare su har sai an sake liƙa musu bayani, ko kuma a mayar da su inda suka fito. A tsawon wannan lokaci kuɗin ajiya na ƙaruwa kullum, kuma idan abinci ne wa'adin lalacewarsa na matsowa.

Takardun yarjejeniya

Kuɗin da ake asara a jikin kwali ba su kai waɗanda ake asara a takardun yarjejeniya ba.

A shekarar 2009 Indunusiya ta kafa dokar da ta ce a yi amfani da harshen ƙasar a yarjejeniyoyin da suka shafi hukumomi ko kamfanoni ko 'yan ƙasar. A shekarar 2013 wata kotu a Jakarta ta Yamma ta soke yarjejeniyar bashin sama da dala miliyan 4 tsakanin wani kamfanin ƙasar da wani na Amurka, saboda da Ingilishi kaɗai aka rubuta ta, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a shekarar 2015. Ko da yake a shekarar 2023 Kotun Ƙolin ta fitar da jagora ga alƙalai da ta sassauta wannan matsayi, lauyoyi na ci gaba da shawartar kamfanoni da su rubuta yarjejeniya da harsunan biyu.

A cinikin da ake biya ta hanyar takardar lamunin banki, bankuna ba sa duba kaya, takardu kawai suke dubawa. Idan sunan kayan ko nauyinsu ko ranar lodinsu a wata takarda ya saɓa da abin da ke cikin takardar lamunin, banki na da ikon ƙin biya, ko da kuwa kayan sun isa lafiya.

Lambobi ma na da nasu tarkon. Adadin da aka rubuta 1,500 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyar ga wanda ya yi karatu da Ingilishi, amma ga Bafaranshe ko Bajamushe yana nufin ɗaya da rabi ne, domin su waƙafi suke sanyawa a inda Ingilishi ke sanya ɗigo.

Kazalika kalmar biliyan, wadda a Ingilishi ke nufin miliyan dubu, a Faransanci miliyan sau miliyan take nufi. Haka nan ranar da aka rubuta 03/04 na nufin 3 ga Afrilu a Birtaniya, amma 4 ga Maris ce a Amurka.

Ƙwararren mai fassara ya san waɗannan bambance-bambance, kuma yakan shawarci masu yarjejeniya da su bayyana a rubuce wane harshe ne za a yi aiki da shi idan aka samu saɓani tsakanin kwafi biyu.

Shin na'ura ba ta wadatar ba?

Manhajar Google Translate ta fara aiki ne a shekarar 2006, aka kuma sanya Hausa a cikinta a watan Disamban 2013. Daga shekarar 2016 fassarar na'ura ta inganta ƙwarai, kuma fitowar manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT a ƙarshen shekarar 2022 ta ƙara faɗaɗa abin da kwamfuta ke iya yi.

Babu shakka waɗannan manhajoji na da amfani ga ɗan kasuwa. Suna taimaka masa ya fahimci saƙon da abokin ciniki ya aiko, ko ya tambayi farashi, cikin 'yan daƙiƙoƙi kuma ba tare da biyan ko kwabo ba.

Matsalar ita ce na'ura kan fitar da jimla mai santsi ko da ma'anarta ta kauce, kuma wanda bai ji harshen ba ba shi da hanyar gane cewa an yi kuskure.

A watan Oktoban 2020, lokacin da kamfanin Amazon ya buɗe shafinsa na ƙasar Suwidin, masu sayayya sun tarar da sunayen kaya da dama da aka fassara da kalmomin batsa. Sunan wani tsiro da ake tatsar mai daga 'ya'yansa, wanda a Ingilishi ya yi daidai da kalmar fyaɗe, ya fito a harshen ƙasar da ma'anar fyaɗen. Jaridun ƙasar da na ƙetare sun yi ta yayata lamarin.

A watan Oktoban 2017 kuma 'yan sandan Isra'ila sun kama wani Bafalasɗine mai aikin gini, bayan manhajar Facebook ta fassara gaisuwar "barka da safiya" da ya rubuta da Larabci zuwa "a kai musu hari" a harshen Ibrananci. An sake shi bayan an gano kuskuren, kuma kamfanin ya nemi afuwa.

Irin wannan haɗari ya fi yawa a harsunan da ba su da rubuce-rubuce masu yawa a intanet, domin daga rubutun da ke akwai ne na'ura ke koyo. A Hausa ma, kalmar gari na iya nufin birni ko garin tuwo, kuma idan aka bar lanƙwasar harafi sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa.

Saboda haka ne kamfanonin fassara da dama a yanzu ke haɗa hanyoyin biyu, wato na'ura ta yi zubin farko sannan ƙwararre ya bi ya gyara. Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya, ISO, ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan wannan aiki a shekarar 2017.

Wane ne ƙwararren mai fassara?

Jin harsuna biyu bai isa ya mayar da mutum mai fassara ba, kamar yadda iya tuƙi bai mayar da direba makanike ba.

Ƙa'idar ISO 17100, wadda aka fitar a shekarar 2015, ta ce mai fassara ya kasance yana da digiri a fannin fassara, ko digiri a wani fanni tare da shekara biyu yana aikin fassara, ko kuma shekara biyar cur yana sana'ar. Ta kuma wajabta cewa wani mutum na biyu ya gwada fassarar da asalin rubutun kafin a miƙa ta ga mai ita.

A al'adar sana'ar, an fi son mutum ya yi fassara zuwa harshen da ya tashi da shi, kuma ya tsaya a fannin da ya sani. Wanda ya ƙware a takardun shari'a ba lallai ne ya iya bayanin magani ko littafin sarrafa injin niƙa ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin mai fassara, wanda ke aiki da rubutu, da tafinta, wanda ke isar da magana baki da baki a wurin ciniki. Ɗan kasuwar da ya dogara da tafintan da abokin cinikinsa ya kawo ya sani cewa ba shi ne ke biyan wannan tafinta ba.

Inda abin ya shafi Najeriya da maƙwabtanta

Wannan batu ba baƙo ba ne ga Hausawa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun dogara ne da masu masauki da dillalai a zango-zango, waɗanda ke jin harsunan mutanen wurin kuma suke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Abin da ya sauya a yau shi ne ciniki ya koma kan takarda.

Najeriya na aiki da Ingilishi, amma maƙwabtanta Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk sun gaji Faransanci a harkokin mulki da shari'a. Ko da yake a shekarar 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci na cikin harsunan aiki.

Waɗannan ƙasashe huɗu na cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a shekarar 1993, kuma kwafin Faransanci na dokokin ne ake bi idan fassarori suka saɓa. Ɗan kasuwa daga Kano zai iya gama ciniki da Hausa a Maraɗi, amma idan rigima ta kai gaban kotu, abin da takarda ta ƙunsa ne za a duba.

Haka kuma riɗi da zoɓorodo da citta da ake tarawa a kasuwanni irin su Dawanau na tafiya ne zuwa ƙasashen da ba Ingilishi ne harshensu ba. Japan da Sin da Turkiyya na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, yayin da Meziko ke sayen zoɓorodo.

Muddin a buhu ake fitar da waɗannan kaya, 'yan takardu kaɗan ne ke buƙatar fassara. To amma duk mai son ya sarrafa su, ya zuba a kwalba ko leda da sunan kamfaninsa domin ya samu riba mai kauri, dole ne ya yi wa mai saye bayani da harshensa, kuma bisa dokar ƙasarsa.

Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka sanya wa hannu a Kigali a shekarar 2018 aka kuma ƙaddamar da ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, ta ƙara fito da wannan buƙata fili, ganin cewa kasuwar ta haɗa ƙasashe masu aiki da Larabci da Ingilishi da Faransanci da kuma harshen Fotugal.

Iyakar abin da fassara za ta yi

Duk da haka fassara ba ta gyara kayan da ba su da inganci. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma babu kyawun rubutun da zai iya sauya sakamakon ɗakin gwaji.

Kazalika kuɗin ƙwararru kan yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyi. Hanyar da ta fi sauƙi a nan ita ce a rarrabe takardu gwargwadon haɗarin da ke tattare da su.

Saƙonnin yau da kullum da tambayar farashi ana iya barin su ga na'ura. Amma takardar yarjejeniya, da bayanin da ke jikin kaya, da umarnin amfani, da duk wani abu da ya shafi lafiya ko addini, sun cancanci a kai su ga wanda ya san aikin, a kuma sa wani ɗan asalin ƙasar da za a kai kayan ya karanta kafin a buga.

Yana da kyau kuma a ba mai fassara isasshen lokaci, a nuna masa samfurin kayan, a kuma ajiye jerin kalmomin da aka amince da su domin kada sunan abu ɗaya ya riƙa sauyawa daga takarda zuwa takarda.

Hausawa dai na cewa araha ba ta ado. Gyaran jimla ɗaya kafin a kai ta maɗaba'a aikin 'yan mintuna ne, amma idan aka riga aka buga ta a jikin kwali dubu hamsin da ke cikin jirgin ruwa, sai dai a yi lissafin asara.